Fatalwa a Gefen Shafi

A maɗaba'ar da muke aiki babu mai kiran Goggo da sunanta. Sau Biyu ake ce mata, tun daga mai wurin har mai ɗinkin littattafai, ita kuma tana amsawa ko kai ba ta ɗagawa. Ƙanwar babana ce. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana tsara shafukan littattafan mutane, goma sha tara daga ciki ina zaune a teburin da ke kallon nata ina duba kurakurai, abin da ya sa take ce mini Jan Biro. Ta rasu bara, ta bar mini wani fayil a kwamfutarta wanda sunan wani mutum yake maƙale a cikinsa, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta share shi. Labarin fayil ɗin zan ba da, amma sai an san matar tukuna.

Tana da shekara ashirin ta shigo wurin, da tafireta ta fara. Ta yi aure da wani mai gyaran agogo, ya rasu bayan shekara shida, ba su haihu ba, sai ta dawo gidan yayanta ta ɗauki ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon igiyar shanya. Daga nan rayuwarta ta zama hanya guda: ɗakin baya, tashar mota, teburinta, sannan a koma. Gajeriya ce, sai ta ɗora matashi biyu a kujera kafin ta kai allon. Gilashinta na rataye da zare a wuya, ƙumbarta kullum a yanke har tsoka. Ba ta da yawan fara'a, kada in yi mata ƙarya don ta mutu. In ka gaishe ta tana tsakiyar shafi, sai ta kai ƙarshen sakin layi za ta amsa, wani lokacin har ka manta ka yi gaisuwar.

Da aka fara neman littattafan da ake karantawa a kan allo, mai wurin ya soma yi mata maganar hutu cikin dabara. Ta dube shi ta saman gilashi ta ce, "Ni ce na gaji, ko kai ne ka gaji da ni?" Wata huɗu ta yi tana cin abincin rana a gaban kwamfuta. Kafin shekara ta zagayo, masu digirin da aka ɗauko don su gaje ta su ne ke tsaye a bayan kujerarta suna "Goggo, don Allah duba mana nan."

Abin da ya fi shiga ranta a sabon aikin shi ne jerin gefe. Wanda ya taɓa buɗe littafi a kwamfuta ya san shi: kanun babi-babi ne a jere a gefen hagu, ka latsa ɗaya ya kai ka shafinsa. A gaban wasu akwai 'yar kibiya, in ka taɓa ta sai ƙananan kanu su zubo daga ƙarƙashi, ka sake taɓawa su naɗe. Mutane suna zaton haka abin yake fitowa da kansa. Ba haka ba ne, wani ne ya zauna ya shaida wa injin cewa wannan babi ne, wannan sashe ne a cikinsa, wannan kuma ƙaramin sashe. Goggo ba ta amfani da waɗannan sunayen. Uwa, 'ya da jika take cewa. In ta ga an ɗora ƙaramin kai a inda babba ya kamata, sai ka ji ta daga ƙarshen ɗaki: "Wane ne ya aurar da jika kafin uwarta?"

Ita ce kuma ke yanke wanda zai zo a buɗe da wanda zai zo a naɗe. Abin ba wuya, alamar ragi ce kawai ake sa wa a gaban wata lamba, amma sai ta yi rabin awa tana tunani a kai. Ta ce mai karatu baƙo ne, ba a wangale wa baƙo duk ɗakunan gida ranar da ya sauka. Akwai kuma haruffanmu masu ƙugiya, waɗanda injin kan haɗiye a jerin gefe in ba a lallashe shi ba. Wani marubuci ya taɓa dawo mana da littafinsa yana huci, don babin da ya sa wa suna Ƙaura ya fito a gefe da sunan "aura". Goggo ta ce masa, "Yi haƙuri malam, ai duk barin gida ne." Shi ne karo ɗaya da na ga ta yi dariya har ta cire gilashi.

Sunan Sau Biyu kuwa daga halin injin ya samo asali. In ka ba shi littafi ya haɗa, ba ya sanin kanun da ke ciki sai ya kai ƙarshe. Don haka jerin da yake liƙawa a gefe na haɗin baya ne, sabon sai ya ajiye shi sai an sake. Ka cire babi ka haɗa sau ɗaya, shafukan za su tafi, amma sunan babin yana nan a gefe yana kallonka. Wannan shi Goggo ke kira fatalwa. Wani abokin aikinmu ya taɓa tura wa wani kamfani rahotonsu da sunan manajan da suka kora yana zaune daram a gefe, mai wurin ya kwana biyu yana ba da haƙuri. Tun daga ranar, duk wanda ya ce ya gama aiki, tambayarta ɗaya ce: "Sau nawa ka haɗa?" Ita kanta, ko waƙafi ta gyara sai ta haɗa sau biyu.

A gidanmu ma akwai wanda aka cire. Su uku kakata ta haifa: Baba, Goggo, da Auta. Ina da shekara bakwai lokacin. Abin da nake iya tunawa da shi dogo ne, yana fito da yatsu biyu a baki, kuma yana ɗaga ni in taɓa fankar falo in ba ta juyawa. Kakata ta kwanta ciwo, aka aike shi wani gari ya karɓo magani, ya haɗu da abokai suka ja shi kallon ƙwallo, motar ƙarshe ta tafi ta bar shi. Da ya iso washegari da hantsi an riga an fita da ita. Likita ya ce maganin ba zai hana komai ba, amma Baba bai ji wannan ba. Ya tare shi a bakin ƙofa a gaban mutane ya ce, "Wadda ka sani a gidan nan ta tafi. Ba ka da kowa a nan." Auta ya juya da ledar maganin a hannunsa. Shekararsa ashirin da biyu.

Shekara talatin da huɗu ba a ambace shi ba. Babana tsohon shugaban makaranta ne, mutumin kirki ne, amma in ya faɗi magana sai ya riƙa gadinta kamar wani zai sace. Mun taso mun san akwai wani gurbi a hirar gidan da ake tsallakewa, yadda ake tsallake matakalar da ta karye.

Da Baba ya yi ritaya ya rasa waɗanda zai ba umarni, sai ya ɗauri aniyar rubuta tarihin gidanmu, a tura wa dangi a wayoyinsu. Shi yana rubutawa da hannu a littattafan makaranta, Goggo tana tsarawa, ni ina bi da jan biro. Shekara biyu muna abu ɗaya. Wata ranar Lahadi da yamma ta kawo masa littafin a buge don ya duba, ya buɗe shafin abubuwan da ke ciki yana bi da yatsa. Ina gefe ina ninke kayan wanki na ga yatsan ya tsaya.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"Na sa ki?"

"Ba ka sa ni ba. Ka ce tarihin gida, shi kuma a gidan aka haife shi. Ka karanta tukuna, shafi goma sha ɗaya ne kawai."

Bai karanta ba. Ya zare shafukan daga cikin tarin ya miƙa mata ba tare da ya kalle su ba. "Ki cire. A takarda da a injin naku, kada in ji an ce akwai sauransa a wani wuri. Na faɗa miki."

Na zaci za ta yi musu, don Goggo ba ta barin ta kwana. Sai ta karɓa ta ce, "To, Yaya." Ta tsaya a tsakar gida ta yayyage su ƙanana-ƙanana ta zuba a kwandon shara. Ni ma ban karanta su ba, don ba ta taɓa kawo mini wannan babin in duba ba. Na tambaye ta da muka keɓe, ta ce, "Jan Biro, wannan ba shi da kuskuren da za ki iya gyarawa."

Ranar Litinin ta je aiki kamar kullum. Talata ta ce kanta na sarawa, Laraba ta faɗi a tashar mota. Kwana tara ta yi a asibiti, bakinta a karkace, tana kallonmu ba ta iya magana. Akwai ranar da ta riƙe hannuna ta yi ta danna mini tafi da ɗan yatsa, na ɗauka ruwa take so. Har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina.

Bayan sati uku da rasuwarta Baba ya kira ni. Ya rubuta shafi ɗaya a kanta, ranar haihuwa da ranar rasuwa da 'yan kalmomi masu daɗi waɗanda bai taɓa faɗa mata tana raye ba. Ya ce in sa a littafin, in tura wa dangi a huta.

Da safe na zauna a kujerarta, na cire matashi ɗaya, na kunna kwamfutar. Littafin yana nan, a waccan ranar Litinin aka haɗa shi, ƙarfe huɗu saura. Na buɗe. Jerin gefe tsaf kamar yadda ta saba, uwaye a buɗe. A ƙarƙashin babin 'ya'yan gida na ga Baba, na gan ta, sannan na ga na uku. Auta, da 'yar kibiyarsa a gaba, a naɗe.

Injin buga takarda yana ta ƙara a ɗakin gaba, mutane suna shige da fice, amma ni sai na ji kamar an tsaya a bayana. Na leƙa cikin littafin, shafukan babu su, ta cire kamar yadda aka ce. Sau ɗaya ta haɗa. Matar da ta yi shekaru tana yi wa mutane tsawa a kan wannan, matar da har sunanta ya koma wannan, ta haɗa sau ɗaya ta kashe kwamfuta ta tafi gida.

Mai wurin ya ce ciwon ne ya fara taɓa ta tun ranar. Wataƙila. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Na san hannunta. Yayanta ya ce ta cire, ta cire, ba ta saɓa masa ko da harafi ɗaya ba. Ta dai bar injin ya yi halinsa.

Na taɓa kibiyar. Jikoki biyar suka zubo. Haihuwarsa. Makaranta. Ranar da ya fita. Wasiƙunsa. Na biyar kuma: Inda yake yanzu.

Ashe ta sani. Duk shekarun nan tana wucewa ta gaban Baba da safe ta gaishe shi, ta dawo da yamma ta gaishe shi, da wannan a cikinta. Ta rubuta, ta kawo masa har hannu, ya mayar mata.

Na nemi shafukan kamar mahaukaciya. Na duba kwandon kwamfutar, wayam. Na duba inda take ajiye kwafin aiki, ta bi duk ta share. Na kira mai gyaran kwamfuta, ya yini yana tono, ya ɗago ya ce, "Wannan baiwar Allah ta san abin da take yi, ba ta bar ko ƙura ba." Na juye ɗakin baya, akwati, ƙarƙashin katifa, cikin tsofaffin agogunan mijinta. Ba wasiƙa ko ɗaya, ba ambulan, ba lambar waya da ban san mai ita ba. An ce kada a bar saura, ba ta bari ba.

Saura layi shida a gefen shafi. Kuma ga inda gizo ke saƙar: in na sa shafin rasuwar Goggo, dole in haɗa littafin, in na haɗa kuwa layukan sun tafi. Kafin ita ta shiga sai shi ya fita. Na kwafi fayil ɗin na ɓoye, wannan ba sai an faɗa ba, amma abin da ke aljihuna ba shi ne littafin gida ba. Zan iya mayar da sunan da hannuna bayan na haɗa, na iya. Sai dai wannan ya zama ni ce na saɓa wa Baba a ɓoye, ba abin da ta bari ba ke nan. Kwana huɗu ina zuwa aiki ina buɗe fayil ɗin ina rufewa. Kullum Baba sai ya tambaya, "An tura?" in ce saura kaɗan. A rana ta biyar na gaji da ƙarya, na ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka na shiga wurinsa bayan ya karya.

Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, rediyo a cinya. Na durƙusa na ɗora kwamfutar a kan ɗan teburin.

"Baba, akwai abin da Goggo ta bari. Ba zan iya sharewa ba sai ka gani."

Ya sa gilashi. Na nuna masa. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa.

"Ba na ce ta cire ba?"

"Ta cire, Baba. Shafukan duk sun tafi, na nema ban samu ba. Sunan ne kawai ya rage, shi ma da na sa shafin da ka rubuta zai tafi."

"To me kike jira?"

Na taɓa kibiyar.

Ya matso da fuskarsa kusa da allon. Babana ba ya karatu da baki, sau da yawa ya doki yara a kan haka, amma ranar na ga leɓensa yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na huɗu ya ce, "Wasiƙu?" kamar kalmar baƙuwa ce. Da ya kai na biyar ya kashe rediyon.

"Buɗe mini wannan."

"Baba, babu komai a bayansa."

"Na ce ki buɗe."

Ni kaina ban taɓa latsa ko ɗaya ba, tsoro nake ji. Na latsa. Allon ya ƙifta ya koma shafin farko na littafin. A shafin farko kuwa hoton kakata ne, wanda shi Baba ya zaɓa da kansa, tana zaune a kan kujerar katako hannuwanta a gwiwa, tana kallon mai ɗauka.

Ya ja baya kamar an watsa masa ruwa. Na yi saurin cewa, "Baba, halin injin ne. Duk kan da ya rasa shafinsa, farko yake mayar da mutum. Ko wanne ka latsa nan zai kawo ka, ba wata magana ba ce." Gaskiya na faɗa. Amma ba ni yake saurare ba.

"Yana wurinta ke nan?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Ta yiwu yana nan da ransa, da 'ya'ya, a wani gari."

"Goggonki ta sani."

"Ta sani."

Ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar da aka fita da Goggo, sai ga su suna bin gefen hancinsa, bai share ba. Can ya ce, "Shafukan a hannuna suke. Na riƙe su da hannun nan. Ko na ƙarshen ne da na duba." Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushinsa, duka biyun a lokaci guda, kuma har gobe ban raba su ba.

Da ya nutsu ya ɗauki takardar da ya rubuta a kan Goggo, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya ce in tura littafin yadda yake, kada in taɓa komai. Ya ce in rubuta wa kowa cewa su duba gefen hagu, su taɓa kibiyar da ke gaban suna na uku, wanda ya san wani abu ya kira shi, komai ƙanƙantarsa. Ya ce in sa cewa shi ne yake roƙo.

Mutum sittin da uku na tura wa. A littafin da ke wayoyinsu Goggo tana nan da ranta, tana aiki a maɗaba'a. Da yawa sun kira, wasu suna kuka, wasu suna tambayar ko wayarsu ce ta lalace. Wata 'yar'uwar kakata ta ce ta taɓa jin an gan shi a wata tashar jirgin ruwa, amma shekara ashirin ke nan, kuma wanda ya gaya mata ya mutu. Bayan wannan babu wanda ya san komai.

Na sa wa Baba littafin a babbar waya mai faɗin allo, na koya masa inda ake taɓawa. Yanzu in na fito zan tafi aiki nakan same shi a bakin taga da ita a hannu, rediyon a ƙasa. Shekaranjiya ya tsayar da ni ina sa takalmi.

"Ke da kika san injin nan. Akwai ranar da yakan yi kuskure ya kai mutum wani shafin daban?"

Na ce babu, Baba.

Ya ce to. Ya gyara gilashinsa ya sake latsawa.